Gemun Kakar Amarya

Shiloh Bend, Misisipi
Watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Lurline,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki, da sanyin Milwaukee da kika zaɓar wa kanki ba wanda ya aike ki. Yaya gwiwar? Yaya kunnen? Amsar ta biyun na san ta, shi ya sa ma na ɗauki biro. Ranar da na kira ki a waya na yi ta kwarara ihu har maƙwabta suka ji sirrina kaf, ke kuwa sai "to madalla" kike ta ce mini. Maganar yau ba ta ihu ba ce.

Albishirinki. An sa ranar auren Jalisa, jikata ta wajen 'yata Renita, ƙarshen watan Yuni. Yaron sunansa Desmond, ɗan Atlanta ne, yana da ladabi, ya ci dafaffen ganyena har ya nemi ƙari duk da ba gishiri a ciki. Iyayensa dai irin mutanen nan ne da ke goge cokali kafin su ci abinci a gidanka. Tun da Renita ta je ta ga gidansu ta dawo, ba ta sake zama daidai ba. Ta sake fentin ɗaki, ta canza labule, ta sa an sare bishiyar ƙofar gida. Da ta gama da gidan sai ta juyo kaina.

Kin san ƙwayar hawan jinin da nake sha, minoksidil, wadda tsohon Likita Mabry ya ɗora ni a kai tun mijina Hosea yana raye. Kin kuma san abin da take yi mini, don ke kaɗai kika taɓa ganina da safe kafin in shiga banɗaki. Gashi a haɓa, gashi a kumatu, na goshi har yana neman haɗewa da gira. Shekara talatin da ɗoriya kullum sai na yi aski kamar namiji kafin in buɗe ƙofa. Hosea ya rasu ya bar mini gida da mota da rezarsa, rezar ce gādon da na fi mora.

To yanzu hannun ya fara ba ni kunya. Sanyin ƙashi ya murɗe yatsun, idon ma ba kamar da ba. Ran Lahadi na yanke kaina a ƙasan haɓa, na tafi coci da filasta, ashe kuma na bar wani layin gashi a gefen kunne ban gani ba. Renita ta gani. Sai da muka iso gida ta kashe mota ta ce, "Mama, don Allah haka za ki tsaya gaban mutanen Atlanta?" Na ce, "A'a, zama zan yi, ƙafata ba ta son tsayuwa." Ko murmushi ba ta yi ba.

Ashe ta riga ta yi bincikenta. Wai maganin nan tsohon yayi ne, likitoci sun daina rubuta shi sai ga wanda komai ya gagara, sababbi ga su nan birjik, kuma in aka daina sha gashin yana zubewa da kansa cikin 'yan watanni. In na bari yanzu, kafin Yuni fuskata ta yi sumul. Na ce mata ai ni ce wadda komai ya gagara! Tana makaranta lokacin, ba ta ga abin da na gani ba. Wata ƙwayar ta kumbura mini leɓe da harshe har numfashi ya nemi ɗaukewa. Wata ta cika mini ƙafafu da ruwa. Wata kuwa da na miƙe tsaye sai in ji ni a ƙasa. Sai da Mabry ya gaji ya cire tabarau ya ce, "Arzella, akwai wata tsohuwa a ƙasan akwati. Za ta riƙe miki rai, amma za ta ba ki gemu. Zaɓi." Na zaɓa, kuma ga ni ina rubuto miki takarda.

Mabry ya yi ritaya, akwai sabuwar likita a wurinsa, Renita ta karɓo mini ranar ganinta. Zan je don kada a ce na ƙi. Amma ba wanda zai taɓa mini ƙwayata saboda masu goge cokali.

Ki gaida mini yara duka. Ki riƙa ɗaure gwiwar nan.

Yayarki,
Arzella

Shiloh Bend
Watan Afrilu

Lurline ƙanwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarki ta iso, na kuma ga inda kika ja layi a ƙarƙashin "kada ki yarda". To ki zauna kafin ki karanta, don na yarda.

Kada ki zagi likitar. Sunanta Likita Sandifer, yarinya ce da ta girmi Jalisa da kaɗan, amma tana da kai. Ta karanta tarihina tun daga farko, ta ce tsohuwar ƙwayar ma tana da nata haɗarin, tana iya tara ruwa a jiki har ya kai ga zuciya, kuma yanzu akwai haɗe-haɗen da babu su a zamanin Mabry. Ta ce ana iya gwadawa a hankali, tana sa ido. Daga nan ta dubi Renita ta ce ta ɗan ba mu wuri. Da ƙofa ta rufe ta jawo kujera ta ce, "Mama Tubbs, ni ba na canza wa mutum magani don biki. Ke kike so, ko ita?"

Na buɗe baki zan ce ita. Wallahi abin da ya fito shi ne, "Ni nake so." Kuma ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na gaji, Lurline. Na gaji da tashi kafin kowa, na gaji da kauce wa runguma in yamma ta yi don kada a ji ƙaiƙayin kumatuna. Ko sau ɗaya ina so in farka in wanke fuska in fita kamar kowace tsohuwa. Ashe abin yana nan kwance a raina, Renita tono shi kawai ta yi.

Yanzu ƙwayoyi huɗu nake sha, kowace da launinta. Gashin ya fara laushi, na goshi yana bin tawul. Renita kuwa sai ka ce an yi mata albishir da gidan aljanna, don murna, ta sayo mini riga shuɗiya mai ɗaukar ido da malafa mai fure, kullum sai ta zo ta kama haɓata ta juya ta gaban taga tana cewa, "Kin gani ko, Mama? Kin gani?" Rabon da ta taɓa fuskata tun tana 'yar goye. Na bar ta tana taɓawa, kuma daɗi nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Sai dai ƙeyata tana sarawa da safe, kuma na'urar awon jini kullum gaba take yi. Likita ta ƙara ƙarfin ɗaya, ta ce in dawo mata ba da jimawa ba. Ban gaya wa Renita zancen ciwon kan ba, ke ma kada ki gaya mata.

Na ji an sa ranar aikin gwiwarki daf da bikin. Raina ya ɓaci, amma lafiya ce gaba. Ubangiji ya sa a yi a sa'a.

Taki,
Arzella

Shiloh Bend
Watan Mayu

Ƙanwata Lurline,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata jikin da sauƙi. Na san Renita ta kira ɗanki ya rubuta miki a takarda ya nuna miki, to ga shi daga hannuna don ki ga hannun yana aiki. Rubutun ya ɗan karkace, ki yi haƙuri da shi.

Ranar Asabar ce, muna suyar tarwaɗa a bayan coci don tara kuɗin gyaran rufi. Ina tsaye kan kasko sai idona na dama ya rufe kamar an ja labule. Cokalin suya ya suɓuce daga hannuna ya faɗa cikin mai. Na juya zan ce a miƙo mini kujera, harshen ya ƙi ɗaguwa, sai wani gurnani ke fita. Ina jin matan suna ihu da kiran Yesu, ina ganin rabinsu. Kafin motar asibiti ta kai ni birni abin ya fara saki. Likitoci suka ce ƙaramin shanyewar jiki ne, irin wanda ke zuwa ya leƙa ya koma, kuma babban yakan biyo sahunsa. Jinin ya haura ɗari biyu.

Likita Sandifer ta zo har gadona. Ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce, "Mun gwada, jikinki ya ƙi. Za mu koma tsohuwar, da ta fitsari da ta bugun zuciya kamar da." Na ce mata ba laifinta, ni na ce ina so. Sai da aka aiko da ƙwayar daga nesa, don kantunan maganin nan kusa duk sun daina ajiye ta.

Renita ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta kwana a kujera riƙe da hannuna. Wannan gaskiya ne, ki riƙe shi, don 'yata tana sona. Amma ranar sallama, ina kwance an ja labule suna zaton barci nake, na ji ta tare likita a bakin ƙofa tana magana ƙasa-ƙasa. "Likita, babu wani abin da zai ɗan riƙe ta zuwa ƙarshen Yuni? Bayan biki sai a mayar da ita kan waccan." Ban ji amsar likitar ba, gajeruwa ce ƙwarai. Ni dai na juya fuska bango.

Inna na tuna. Ke kina ƙarama, aka ce miki zafin rana ne ya kayar da ita. Ba zafin rana ba ne. Wata ƙwaya aka ba ta mai suna rizafin, ita ake yayi lokacin. Ta saukar mata da jini, amma ta toshe mata hanci, ta kashe mata walwala. Matar da ake jin waƙarta daga gonar auduga ta koma zama a baranda tana kallon hanya, hawaye na zuba ba dalili. Matan coci suka fara raɗa, wai bangaskiyarta ce ta yi rauni. Baba ya ce tana ba shi kunya. Ba wanda ya ce a koma wurin likita a nemi wata. Ina kallo ta juye kwalbar a masai, ta ɗaura ɗankwali, ran Lahadi ta yi waƙa kowa ya ce Allah ya warkar da ita. Ba a gama cirar audugar shekarar ba muka binne ta.

Da muka dawo gida daga asibiti na shiga banɗaki na daɗe ina kallon madubi. Fuska sumul kamar yadda ake so, baki ya ɗan ja gefe. Na ɗauki rezar Hosea na naɗe ta a tsumma na jefa can bayan kabad. Na daina aski, Lurline. Duk shekarun nan ina ɓoye abin da na biya na sayi raina, kamar satowa na yi. Ɓoyon ne ya sa har 'yar cikina take ganin abin wasa ne, tabo ne da za a goge kafin baƙi su zo. To yanzu kowa zai gani. Wanda idonsa ba zai ɗauka ba ya kalli takalminsa.

Kada ki rubuto kina ba ni haƙuri, ba zan karanta wurin ba.

Yayarki da ke nan daram,
Arzella

Shiloh Bend
Watan Yuni

Lurline tawa,

Gaisuwa da fatan an yi aikin lafiya, kuma kin fara taka ƙafar. Ki bi abin da masu gashin ƙashi suka ce ko da za ki zage su a zuci.

Gemu ya fito, ƙanwata, kuma da zuciyarsa ya fito, kamar yana rama hutun da aka sa shi. Fari fat. A coci bencina ya yi fili, hagu da dama ba kowa, na samu wurin ajiye jaka da sanda. Masu gaishe ni kuwa malafata suke gaisarwa.

Renita ta zo da man cire gashi, na tuna mata yadda ya taɓa ƙone ni har fata ta saɓule. Ta ce akwai masu ƙone shi da haske a birni, suka ce mata haskensu ba ya kama farin gashi. Ta kawo malafa mai raga da ke saukowa har wuya, na ce ni ba mai kiwon zuma ba ce. Ta ce to ita da kanta za ta yi mini askin da safiyar bikin, sau ɗaya tak. Na san abin da za ki ce, sau ɗaya ai ba komai. Amma sau ɗaya ɗin ne ya kai ni gadon asibiti. Na ce a'a. Sai ta miƙe ta cika fam ta ce, "To Mama, in haka ne ba za a shigo da ke ta tsakiyar coci tare da kakanni ba. Ki shiga ta ƙofar gefe ki zauna tun kafin mutane su taru." Na ce, "Ke kika haife ni ko ni na haife ki?" Ta buga ƙofa har hoton Hosea ya karkace.

Jalisa ta zo daga baya ita kaɗai. Ta ce, "Kaka, ni dai ki zo." Amma ƙasa take kallo, tana murza zoben hannunta. Tausayinta ya kama ni, an sa yarinya a tsakiya. Da ta tafi na yi kuka, shi ne na farko tun asibiti.

Sai dai da na kalli madubi na ga abu ɗaya da Renita ta yi gaskiya a kai. Gemun ya yi buzu-buzu kamar na mahaukaci. Ni kuma ban taɓa zuwa bikin kowa a hargitse ba. Don haka ran Asabar da safe na ɗauki sandata na nufi shagon Cleophus mai aski, wanda ya yi wa Hosea aski tun suna samari. Kin san Asabar, shagon cike da maza ana ta musun ƙwallo. Ina tura ƙofa almakashin Cleophus ya tsaya a sama. Na nemi benci na zauna a layi.

Dattijon coci Purvis, mai sanƙon nan da ke ƙyalli tun daga bakin titi, shi ya fara magana. "'Yar'uwa Arzella, saƙo aka ba ki?" Na ce, "Aski na zo, kai fa? Me za a aske maka, tunani?" Shagon ya kwashe da dariya har wani ya ƙware. Purvis ya shafa kai ya matso ya rage murya, wai ya ji ƙwayar da nake sha ita ce samarin yanzu ke nema don gashi, ko zan ɗan sam masa rabi-rabi? Na ce, "Kai da jininka ke ƙasa? Ka sha ka faɗi a kan bagadi a ce na kashe dattijo? Je ka ga likita, maroƙi kawai." Cleophus ya ce, "Ka ji ikon Allah, wadda ba ta so an ba ta buhu, mai so ko ƙwara."

Da layi ya zo kaina ya yafa mini mayafin aski ya ce, "Matar Hosea, a kwashe duka?" Na ce, "A gyara. Yadda ka saba yi wa abokinka Hosea." Ya dube ni ta madubi, ya ɗauki almakashi. Ya rage shi, ya daidaita gefe da gefe, ya fitar da layin kumatu, ya share na goshi don ya ce ko namiji ba ya barin wannan, na yarda masa. Ya ɗora tawul mai ɗumi, ya shafa mai mai ƙamshi. Ya tsufa shi ma. Sannan ya juya kujerar.

Lurline, na yi kyau. Ba irin kyawun da Renita ke nema ba, amma tsohuwar da ke cikin madubin ba ta ɓoye wa kowa komai, kuma kanta a ɗage yake. Mazan nan duka suka zuba mini ido, sai Purvis ya ce, "Wallahi ya fi na Fasto."

Saura mako guda. Ta ƙofar gaba zan shiga. Ki yi mini addu'a, don ƙirjina yana bugawa in na tuna, kuma ba hawan jini ba ne.

Taki har kullum,
Arzella

Shiloh Bend
Watan Agusta

Zuwa ga ƙanwata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara, ina murna da jin kin ajiye keken guragu. Ni ma lafiya, likita ta auna ni ta ce jinin ya kwanta, ruwa bai taru ba. Ki gafarce ni na jinkirta, jira nake abin ya huce in iya rubutawa.

An yi biki. Na sa shuɗiyar rigar da malafa mai fure, na tsaya a bakin ƙofar gaba. Aka fara kiɗa, wani saurayi ya kama hannun kakar Desmond ya shiga da ita a hankali kowa na murmushi. Ni ba wanda aka turo. Na jira kaɗan, na ga mai tsara bikin tana kallon takardarta kamar za ta huda ta. Sai na dogara sandata na shiga ni kaɗai. Ban taɓa sanin cocinmu na da tsawo haka ba. Ina jin kujeru na ƙara, ina jin raɗa, wata 'yar Atlanta ta ce "Yesu" a fili. Ban sunkuyar da kai ba, na je har benci na gaba na zauna kusa da Renita. Ta matsa ta ba ni wuri ba ta dube ni ba.

Jalisa ta yi kyau kamar me. Bayan an ɗaura, kafin ta bi mijinta waje, ta saki hannunsa ta zo ta sunkuya ta sumbace ni a kumatu, a kan gemun, jan bakinta ya zauna a farin gashin. Haka na yini da shi ban goge ba. Uwar Desmond ta gaishe ni da yatsu biyu. Kakarsa kuwa a wurin cin abinci ta jawo ni ta ce, "Ke, wane magani ne? Nawa ba ya yi mini komai." Muka yini muna hira. Da aka zo hoton dangi na tsaya a tsakiya, ba wanda ya hana ni. Na koma gida ina cewa na ci nasara.

Makon da ya wuce Renita ta aiko da hoton, babba, a cikin gilashi, an naɗe shi da kyau. Rabonta da gidana tun bikin. Na buɗe da murna ina cewa ta sauko. Ga Jalisa, ga ango, ga kowa yadda yake. A tsakiya ga wata mata cikin rigata da malafata. An sa mai hoton ya goge gemun da kwamfuta. Bai tsaya nan ba, ya share tamoji, ya miƙe bakin da ya karkace, ya shafe kumatun suka yi santsi kamar kakin zuma.

Na daɗe zaune da shi a cinya ina tunanin inda na san fuskar nan. Sai na gane. Irin fuskar da masu shirya gawa ke yi wa mutum ce, ranar da ake buɗe akwati a coci jama'a su bi layi suna cewa ai kamar barci take. Wannan ce matar da Renita ta roƙa a bakin ƙofar asibiti, kuma da an ba ta ita, da haka za ta same ta. Na mayar da hoton cikin takardarsa na rubuta a bayansa, "Ban san wannan baiwar Allah ba, Ubangiji ya ji ƙanta." Na ba mai kawo wasiƙa ya kai mata. Shiru har yau. Abin yana ci mini rai, 'yata ce, ita kaɗai gare ni, kuma kullum kunnena na kan ƙarar motarta. Amma ba zan kira in ba da haƙuri don ina raye ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ran da tawa ta zo, Renita ce za ta tsaya kan komai, ni kuma ba ni da bakin cewa a'a. Abu na farko da za ta ce wa masu shirya gawa kin san shi. Don haka ke nake ɗora wa. Ki hau jirgi da sabuwar gwiwarki, ki je ki zauna a ɗakin da suke aikin, ki kashe na'urar jin da ke kunnenki don kada ki ji roƙon kowa. A kira Cleophus ya gyara in yana raye. Amma kada reza ta taɓa ni, Lurline. Da fuskar nan na ga auren jikata, da ita nake so a rufe ni. Ki rubuto ki ce kin yi alkawari, kuma ki ja layi a ƙarƙashinsa.

Ki gaida kowa da kowa. Zan tashi in sha ƙwayata, lokacinta ya yi.

Ni ce yayarki mai ƙaunarki,
Arzella Tubbs